Ƙaho Biyu, Kujera Ɗaya

Duk wanda ya shiga falon Tela, kafin ya ga masu gida sai ya fara gaisawa da lasifikokin nan biyu. Kowace akwati ce ta katako da ta kai ƙirjin mutum, a samanta kuma an ɗora wani ƙaton ƙaho na ƙarfe mai wangamemen baki, wanda sauti ke fitowa ta cikinsa. Tela ya samo su ne daga wani tsohon gidan silima da aka rufe, ya kwaso su a bayan a-kori-kura yana washe baki kamar an yi masa haihuwa. Matarsa kuwa tun ranar ta raɗa musu suna "surukaina", don a cewarta sun zo sun cika ɗaki, ga surutu, kuma ba halin a ce su tafi.

To, an daɗe ana ruwa ƙasa na shanyewa, sai ga shi wata safiya halin ya samu.

"Baban yara, ka saurare ni da kyau," in ji ta, tana ajiye masa shayi. "'Yarka za ta zo da jariri ƙarshen wata. Ni na yi shekaru ina shan ƙarar nan har ta zame mini ciwon kai, amma jikana ba zai sha ba. Ko ka gyara su su daina ihu kamar an taka wutsiyar mage, ko su koma sito."

Sito! Tela ya ture shayin gefe. Ya san siton gidansu sarai, danshi ne da ɓeraye, kuma ɓera ba abin da yake so irin takardar cikin lasifika. Kai su can daidai yake da binne su.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne maganar ihu. Wane ihu? Shi dai in ya rufe shago ya dawo, ya ɗora faifai, ya zauna a kujerarsa ta tsakiya ya lumshe ido, duniya sai ta yi masa daɗi. Ita kujerar nan ba a banza take wurin ba. Da tef ɗin awon ɗinki ya auna daga bakin kowane ƙaho zuwa kunnensa, kamar mai awon wando, har tsawon biyun ya zo daidai, sannan ya zagaye ƙafafunta da allin tela a ƙasa. Ba wanda ya taɓa kafa dokar hana zama a kanta, amma kowa a gidan ya san ba a zama. Matarsa tana da tata kujerar a gefe, jikin taga, inda haske ke isarta in tana saƙa.

Ya garzaya wurin amininsa Mai Rediyo, wanda shagonsa ke kallon nasa.

"Ƙwanƙwasa ƙahon da yatsa," in ji Mai Rediyo, ko ɗagowa bai yi daga kan abin da yake liƙewa da dalma ba. "In ya ce maka taaang kamar tukunya, to ƙarfen ne ke rera tasa waƙar daban. Ka rufe masa baki."

Tela ya dawo ya ƙwanƙwasa. Taaang! Ai kuwa ya nemo ƙaron da ake liƙe gilashin taga da shi, ya murza, ya shafe bayan ƙahonin biyu kaf, ya bi da ƙyallayen bargo daga shago. Ya sake ƙwanƙwasawa, sai wani ɗan tuk. Ya ɗora faifai, ya ruga kujerarsa.

"Alhamdu lillahi! Maman yara, kin ji kuwa?"

"Na ji," ta ce daga jikin taga. "Magen ce dai, ta yi mura."

Washegari ya kwance bayan akwatunan ya cusa musu auduga don su daina gurnani. Audugar shago ba ta isa ba, sai ya waiga hagu ya waiga dama, ya farke matashin kai guda. Da dare ya yi, matarsa ta nemi matashinta, ya ce ai yana nan cikin gida, bai fita ko'ina ba. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta hana shi kwana da kansa a kan hannu ba, don nasa ta ɗauke.

Daga nan abin ya zama kamar ciwo. Ya raba ƙwallayen tanis gida biyu ya sa a ƙarƙashin akwatunan don kada ƙasa ta riƙa rawa. Ya ɗinka labule mai kauri ya rataya a bangon baya. Ya jawo kafet daga ɗakin kwana. Mai Rediyo ya ba shi wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar magani masu waya a kai da gindi, ya liƙa su don su rage wa ƙahonin ƙarfi, ya ƙone yatsa garin liƙawa. Kowane gyara ya yi sai ya koma kujerarsa, ya lumshe ido, ya ji abin ya ƙara kyau, har tsigar jikinsa ta tashi. Kowane gyara kuma amsa ɗaya ce daga jikin taga.

"Wallahi ba abin da ya canja, Baban yara. Sai dai falona da ya koma shagon katifa."

Nan fa Tela ya fara jin haushi na gaske. Ya fara zargin ko matar nan ta riga ta yanke hukunci ne, take wasa da hankalinsa. Ita ma ta fara zargin ko kunnen mijinta ya mutu bai sani ba. Suka koma gaisuwar safe a taƙaice, kowa na cika yana batsewa, ga ƙarshen wata ya ƙarato.

Ranar da ta fara share siton da kanta, Tela ya ga ba sauran wasa. Dabara ɗaya ta rage masa, ya ɗan sunkuyar da ƙahonin da tsinken katako su kalli kunne sosai. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe bakin tef a inda kunne yake, ɗaya ya ja daga wajen ƙaho. Ya je shagon Mai Rediyo ya tarar a rufe, wai ya tafi gyara wani gida. Ya yi ta kai da komo a falo, faifai na juyawa, har dai ya haɗiye girman kansa.

"Maman yara, don Allah ki taimaka. Zauna nan ki riƙe mini tef a kunnenki."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. "A nan? Kan karagar mulki? Ba za a ɗaure ni ba?"

"Ki zauna dai."

Ta karkaɗe zane, ta zauna, ta kama bakin tef. Ya zagaya bayan akwati yana ja yana ƙunƙuni. "Ɗaga kaɗan. A'a, sauke. Riƙe da kyau mana." Sai ya ji tef ɗin ya saki gaba ɗaya. Ya leƙo zai yi faɗa.

Tef ɗin na ƙasa. Matarsa ta ɗan buɗe baki, idonta a kafe a tsakanin akwatunan biyu, inda ba komai sai labule. Ta miƙa hannu a hankali ta nuna wurin.

"Ga ta can," ta ce ƙasa-ƙasa. "Mai waƙar. A tsaye take a nan. Mai jita na hagunta, mai ganga na can baya. Baban yara, har numfashinta nake ji!"

Tela bai san lokacin da ƙafafunsa suka kai shi jikin taga ba. Wuri ɗaya ne ya rage na zama a falon, kujerar saƙa, sai ya faɗa kanta. Bai yi daƙiƙa nawa ba ya dafe kunne. Kai! Ba mawaƙiya, ba jita, ba komai. Ƙahon hagu ne kaɗai yake zuba masa tsiwa, sautin ya bugi gilashin taga ya dawo masa a ƙeya, tsiii, kamar ana goga cokali a faranti. Ashe shi ƙaho kamar tocila yake, inda ya haska nan ne da haske. Ashe duk kwanakin nan an bar jaki ana dukan taiki. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana saurayi, don ya tuna shekarun da matar nan ta yi a wannan kujera tana cewa kanta na ciwo, shi kuwa yana can tsakiya ido a lumshe.

Waƙar ta ƙare. Ta juyo ta kalle shi, idonta ya yi rau-rau, amma bakinta bai mutu ba.

"Wato kai kaɗai kake shan romo, ni kake bar mini ƙashi? Shekara da shekaru? Kai amma Allah ya shirye ka!"

"Ban sani ba, wallahi," ya ce. "Ban taɓa zama a nan ba."

"Ni ma ban taɓa zama a nan ba," ta ce, ta gyara zama, ta miƙe ƙafa. "Kuma ba zan tashi ba. Juya mana faifan."

Ya juya. Yana tsaye yana sosa ƙeya sai ya ce, "To maganar sito fa?"

"Wane sito? Waɗannan bayin Allah ba inda za su. In jariri na barci a rage musu murya, shi ke nan. Kai ne dai ban san inda za ka zauna ba."

Tela ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya naɗe hannun riga. Ya roƙe ta ta ɗan tashi, ya ture kujerar tsakiya gefe, ya jawo doguwar kujera daga uwar ɗaki ya dasa a wurin. Ya karkato ƙahonin ciki sosai, yadda bakunansu za su gicciye a gaban masu zama, don sautin ya yalwata ya ishi mutum biyu. Yana ja, ƙafafun akwatunan suna goge layukan allin da ya yi shekaru yana tsaro, bai ko kalle su ba.

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Tela ya kasa kunne. A gaskiya mawaƙiyar ba ta tsaya cak a tsakiya kamar da ba, ta ɗan matso ɓangarensa, ganga ma ta ɗan yi laushi. Kunnensa na gwani ya gane haka nan take, har hannunsa ya tafi aljihu neman tef.

Matarsa ta kama hannun ta riƙe, ba tare da ta buɗe ido ba.

"Bar shi haka," ta ce. "Ina ji."