Raƙumin Ƙarfe na Akoli

Shekara biyu cur Akoli yana sallah a kan kujera, kuma wallahi abin ya fi ci masa rai a kan korar da aka yi masa daga aiki. Dutse ne ya faɗo masa a gwiwa a ramin uraniyum na Akokan, kusa da garin Arlit. Aka ɗinke, ta warke, amma ta sandare kamar taɓarya. Bai jima da barin asibiti ba kasuwar uraniyum ta faɗi, aka rage ma'aikata har da shi. Wannan ya haɗiye. Raƙumansa waɗanda fari ya kashe a duwatsun Ayar, su ma ya haɗiye tuntuni. Amma ya shiga masallacin Juma'a rungume da kujera, ya zauna ƙarshen sahu cikin tsofaffi, shi da bai cika hamsin ba, kowa goshinsa a ƙasa shi nasa a iska? Wannan kam ta ƙi haɗiyuwa.

Likita ya ce masa gwiwar ba ta mutu ba, zama ne ya ƙage ta, maganinta tuƙa keke kullum a hankali. To a ina? Cikin gari yashi, bayan gari kuwa shingen sojoji tun da tawaye ya tashi, kuma Buzu mai rawani irinsa da ke kewaye unguwa ba dalili, tambayoyi zai sha. Sai likitan ya nuna masa wani keke a asibitin, wanda ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Na masu katin aiki ne, shi kuwa an karɓe nasa.

Akoli ya ɗingisa zuwa rumfar Kalilu, Bakatsine mai walda, ya kwatanta masa abin da ya gani. Kalilu mutum ne da bai taɓa cewa bai iya ba. Ya samo tsohon keke, ya cire tayar gaba, ya kafa shi a kan ƙarafa, ya ɗaura bel a tayar baya don a riƙa ƙara nauyi ko a rage. Aka kai shi ɗaki aka girke.

Abin da ba wanda ya tuna ya tambaya shi ne, Akoli bai taɓa hawa keke ba a rayuwarsa. Hawan ma kokawa ce. Sirdin ɗan tsurut, feda can ƙasa, duk nauyinsa a kan gurguwar gwiwar. Juyi uku ya yi ya zame ya zube. Ya sake gwadawa washegari, da jibi, gwiwar ta kumbura suntum. Kafin mako ya zagayo matarsa Dassin ta mai da keken wurin rataye zannuwa.

Dassin kuwa bakinta ba ya hutu. Tana dafa shayi ta ce ita dai ta ga ikon Allah, mutumin da ya kai ayarin gishiri Bilma sau shida, yau jakin ƙarfe ya kayar da shi a tsakar ɗaki. Ran Akoli ya ɓaci. Ya ce ai wannan ba hawan mutane ba ne, wa ke hawa ƙafafunsa na reto a ƙasa? Mai hawan gaske jingina yake da baya, ya miƙe ƙafa gaba a kan wuyan raƙumi.

Yana faɗin haka sai ya ɗaga kai. Idonsa ya sauka kan sirdin raƙuminsa da ke rataye a bango, abu ɗaya da farin ya bar masa. Shekara takwas bai taɓa shi ba, don kallonsa ma ciwo ne.

Da Akoli ya kai masa sirdin ya ce a ɗora a keken, Kalilu ya riƙe baki. Ya rantse daga Katsina har Arlit ba a taɓa yin keke haka ba, sunansa ne zai ɓaci. Akoli bai yi musu ba. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu gaba yana juya su.

"Nan nake son fedar, Kalilu. Inda wuyan yake."

"Malam Akoli, keke kake so ko raƙumi?"

"Wanda zan iya hawa."

Kalilu ya yi ta gunaguni, amma ya yanka ƙarfen. Ya kai feda gaba, ya haɗa sarƙa biyu ta zama ɗaya, ya ɗora sirdin ƙasa-ƙasa yadda mutum zai zauna kawai. Akoli ya tuɓe takalmi, don ba a taka wuyan raƙumi da takalmi, ya hau. Bayansa ya sami majingini, nauyi ya sauka daga gwiwa, jikinsa ya gane zaman nan take.

Da fari rabin juyi yake yi ya dawo. A kwana na tara fedar ta zagaya gaba ɗaya, har Dassin ta saki guɗa. Likita ya zo ya gani, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce a sassauta bel ɗin, kuma kada ya yi gaggawa. Agogon Akoli shayi ne. Watan farko yana tuƙi har a sauke kofin farko, daga baya har na biyu, a wata na huɗu sai an sauke na uku yake sauka, jiƙe da zufa. Yakan rufe ido yana kiran sunayen rijiyoyin hanyar Bilma ɗaya bayan ɗaya, Dassin tana tambayarsa ko yau an kai ko an kwana a hanya.

Wata Juma'a ya ɗauki kujerarsa kamar kullum. A ƙofar masallaci ya jingine ta da bango, ya shiga tsakiyar sahu. Da liman ya yi kabbarar sujada, ya dafa ƙasa, ya sauke gwiwar a hankali. Ta yi ƙara, ta yi zafi, amma ta lanƙwashe. Goshinsa ya taɓa yashi mai ɗumi. Kuka ya zo masa, bai hana shi ba, har sai da na kusa da shi ya taɓa shi don liman ya riga ya ɗago.

Ya shiga gida hannu biyu wayam. Dassin ta dube shi ta ce ina kujerar?

"Na bar wa tsofaffi."

Ta ɗago gefen mayafinta za ta share masa yashin da ke goshinsa. Ya riƙe hannunta ya ce ta bar masa abinsa.