Tsaro Iri Biyu

Sati uku takardar zaɓen jami'a tana kan firjinmu, an danne ta da kwalbar man zafin Baba. Auta ta cike gurabenta uku da fensir, babu abin da ya rage sai sa hannun uba. Ranar Alhamis ƙarfe sha biyu makarantarsu za ta rufe karɓa, wanda bai kai ba sai baɗi.

Tun tana aji huɗu Auta take cewa hulɗar ƙasashe za ta karanta, daga nan ta shiga aikin tsaro na gwamnati, irin na masu zama a ofis su bi rahotanni su gane abin da ke tafe kafin ya iso. Ranar da ta faɗa wa Baba, yana jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi kamar kullum in ya dawo aiki. Ya ce mutum ɗaya ya yi tsaro a gidan nan, kuma ya isa. Shekara ashirin da shida yana gadin ƙofar wata ma'aikatar gwamnati, kuma "jami'in tsaro" aka rubuta a katin da yake ratayawa.

Ni ne babban wanta, ni kaɗai ne mai digiri a gidan, don haka nan take na yanke hukunci: tsoho ya ji tsaro ya zaci gadi. Umma ta ce in bi shi a hankali. Na ce bi a hankali ne ya kawo mu inda muke.

Da ma raina a ɓace yake da malamin ba da shawara na makarantarsu, wanda ɗalibai suke kira Sai-Gobe. Ɗan littafin jami'o'in da yake raba musu shekararsa goma sha ɗaya, sassa biyu a ciki an daɗe da rufe su. Da na je na yi masa magana, ya gyara zama ya ce duk jami'a jami'a ce, sauran kuma rabo. Yara ɗari da ashirin ne a hannun wannan mutumin. Na dawo na duƙufa a waya, na bi jerin jami'o'in da ake yabo, na sa Auta ta rubuta babbar jami'a a gurbin farko. Can na kammala karatu shekara uku da suka wuce, ko da yake har yanzu koyarwar wucin gadi nake yi. Ita ta so wata ƙaramar kwaleji mai nisa, inda ake tilasta wa ɗalibi shekara guda cur a kan harshen waje. Na ce mata kwalejin da ko direbobin tasha sai sun yi tunani kafin su tuna hanyarta, a bar ta a gurbi na uku ma alfarma ce.

Ranar Alhamis Baba ya fita da sassafe, takarda tana nan ƙarƙashin kwalba. Auta ba ta yi kuka ba, ta dai zauna da kayan makaranta a jikinta tana kallon firji. Na ce ta tashi mu bi shi.

Ɗakin gadin bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Akwai kujerar roba da aka ɗinke ƙafarta da waya, da fanka marar murfi, da babban littafin baƙi a kan tebur, bironsa ɗaure da zare don kada a tafi da shi. A waje abokin aikin Baba, wani dogo mai gilashi da bai wuce ni da shekara biyar ba, yana ɗaga wa motoci ƙarfen ƙofa yana saukewa.

Ban ko bari mun gama gaisawa ba na fara. Na ce tsaro iri biyu ne, na yi bayanin nazari da rahoto da ofis mai sanyi, na ce babu wanda zai ba Auta sanda da tocila. Na yi maganar iyayen da suke danne 'ya'ya da tsoron abin da ba su sani ba. Baba ya bar ni har na gaji, yana ta matsa gwiwarsa.

"Ka gama, Babba?" ya ce. "Aikin da take so a hawa na huɗu ake yinsa. Ni nake buɗe musu ƙofa kowace safiya."

Ya leƙa taga ya ce, "Jakada, zo ka gaisa da yarana."

Dogon ya shigo yana goge gilashi da gefen riga. Baba ya ce ya gaya mana me ya karanta. Ya yi 'yar dariya ya ce hulɗar ƙasashe, a babbar jami'a, shi ya sa aka laƙaba masa sunan. Sau uku ya zo ganawar ɗaukar aiki a hawa na huɗu. Duk zuwan, tambayar farko ɗaya ce: ban da harshen da aka yi maka karatu da shi da na gidanku, wanne kake iya karanta jarida da shi? Shi kuwa shekara huɗu ana karanta musu tarihin yarjejeniyoyi daga takardun da malamin ya rubuta tun yana saurayi. A zuwa na uku, yana fita ya ga sanarwar ana neman masu gadi.

"Na dai shiga aikin tsaron gwamnati," ya ce wa Auta. "Ba a yi mini ƙarya ba, ƙanwata."

Wata mota ta yi oda, ya koma bakin ƙarfensa.

Baba ya sunkuya da ƙyar, ya jawo tsohon littafin baƙi daga ƙarƙashin tebur. Ya ce ranar ganawa kowa sai ya rubuta sunansa da makarantarsa kafin ya shiga. Bayan wata biyu waɗanda aka ɗauka sukan dawo da sabon kati a wuya. Shi kuma, don zaman ƙofa yana da tsawo, sai ya koma shafin ya ɗiga ɗigo a gefen sunan duk wanda ya dawo. Babu wanda ya sa shi. Shekara tara yana yi.

Auta ta bi shafukan da yatsa. Sunan jami'ata ya cika layi bayan layi, da kyakkyawan rubutu, ɗigo kuwa sai an wuce shafi guda kafin a ga ɗaya. Ƙaramar kwalejin ba ta fi fitowa sau bakwai ko takwas a shekara ba, amma kusan rabi da ɗigo a gefe.

Na tambayi Baba me ya sa bai faɗa ba tun sati uku.

"Ka tambaye ni? Wayarka ka tambaya." Ya rufe littafin. Ya ce da ya ga abin da muka rubuta a gurbin farko, kujerar nan ya gano Auta a kai, kuma ba zai sa hannu a kan wannan ba. Ƙaramar kwalejin kuma tafiyar yini guda ce a mota, ga yarinyar ita ce autarsa, ko kasuwa ba ta taɓa zuwa ita kaɗai ba. Ya ce duk inda ya juya bai ga wurin sa hannu ba, sai ya yi shiru.

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata. Auta ta ciro abin goge fensir daga jakarta, ta goge gurbin farko da na uku, ta musanya su. Ba ta dube ni ba. Ta tura takardar gaban Baba.

"Ɗigon ma rabi ne, Auta," ya ce. "Sauran rabin fa?"

"Na gani, Baba. Zan koyi harshen."

Ya jawo biro zuwa kan takardar. Zaren biron bai kai inda take ba, sai da Auta ta matsar da ita kusa da littafin baƙi, sannan ya sa hannu.

Mun iso makaranta saura minti ashirin. Sai-Gobe ya karɓa ya duba gurbin farko, ya ce bai taɓa jin sunan kwalejin ba, ba ta cikin littafinsa. Na tsaya a kansa kawai har ya buga hatimi, ya sa takardar cikin sauran.