Akwatin da Zai Fito da Muryar Inna

Abin da ya rage mini na muryar Inna minti huɗu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Na ɗauke ta da waya wata rana da hantsi a falon Yayata, wata biyu kafin Inna ta rasu. Tana ba da labarin yadda ta koyi keken ɗinki, tana dariya, sai wajen minti na uku ta kira ni: "Auta..." Daga nan wani gunji ya taso ya danne sauran maganar. Na juye ta a kwamfuta, na saurari wurin ya fi sau ɗari. Na yanke hukunci rediyon maƙwabta ne, har na riƙe su a zuciya, Allah ya yafe mini.

Buƙatata ɗaya ce, in ji abin da ta faɗa mini. Na kai kukana wurin wani abokin aikina da muke kira Injiniya, ko da yake aikinsa jera fayil ne. Ya ce ramin hedifon na kwamfuta ba shi da ƙarfi. Abin da nake buƙata ɗan akwati ne da ake ajiyewa a tebur, ya karɓi sauti daga kwamfuta ya tace shi, da amfilifaya mai ƙara wa hedifon ƙarfi. Ya ce akwai masu araha.

Da na tsaya nan da na huta. Amma ni mutum ne da in aka aike ni sayen allura sai na san tarihin ƙarfe. Na faɗa zaurukan intanet na masu harkar sauti, na tarar da yaƙi. Wasu sun ce a sayi akwatin da amfilifayar daban-daban, wasu sun ce wanda aka haɗa a jiki ɗaya ya wadatar. Wani ya rantse wannan sautinsa da ɗumi, wancan da sanyi, kamar ruwan wanka ake sayarwa. Cikin sati uku na jera iri goma sha ɗaya a takarda, na fara gyara wa Injiniya magana.

"Malam masani," in ji matata, "jiya fa da hedifon ɗinka a juye ka wuni, na dama a hagu."

Na yi kamar ban ji ba.

A shago na buɗe takardata na fara karanto wa mai shago lambobi. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, wane irin hedifon gare ka?"

"Baƙi ne," na ce.

Ya kawar da kai ya yi tari. Ya karɓi hedifon ɗin ya duba, ya ɗauko wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, mai maɓallin murzawa ɗaya, mafi araha a kantar. "Wannan ya haɗa duka biyun, ya ishe ka har ya yi saura." Raina ya ɓaci, don na so a ce kunnena na manyan kaya ne. Aljihuna kuwa ya goyi bayan mai shago, na saya.

Kun zaci zan jona in saurara? Ina! Malamaina na intanet sun ce sabon kaya sai an gasa shi awa ɗari kafin sautinsa ya nuna. Na sa masa wata ƙara mai "shhhh", na naɗe hedifon da tawul na tura a durowa. Kwana huɗu yana huci. Matata ta rufe tukunyar gas sau biyu, ta kira mai gyaran famfo sau ɗaya. Muryar uwata tana nan cikin kwamfuta, ni kuma ina gadin tawul.

Ranar Asabar da yamma na gayyato Yaya, don ina son shaida. Ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya, tana kallon wayoyin da na baza a tebur. Na yi mata ɗan bayani na minti goma, sannan na sa hedifon na danna.

Gaskiya akwatin ya yi aikinsa. Na ji numfashin Inna kafin ta yi dariya. Na ji cokali yana taɓa kofi, da fankar da ke ƙyaƙyas a sama. Idona ya cika. Sai ta ce, "Auta..." Na murza maɓallin sama, gunjin ya taso, karon farko ya rabu ya zama kalmomi.

"...ai wannan wayar makirfo biyu gare ta, ko allura ta faɗi sai ta ɗauka, ka ga nan wurin..."

Ba rediyon kowa ba ne. Ni ne. Yatsana a kan makirfon, bakina dab da wayar, ina yi wa mijin Yaya lacca a kan sabuwar wayata. Na maimaita sau uku ko za a samu wani mai laifin. Kowane karo muryata ƙara fitowa take tas, ta Inna tana can ƙarƙashi, ba ta da hanyar wucewa.

Kunya ta kama ni, wadda ban taɓa jin irinta ba. Na cire hedifon na miƙa wa Yaya. Ta saurara, ta yi murmushi, ta ajiye.

"Dama wurin nan kake nema? Ai ina kusa da ita, na ji abin da ta ce."

"Yaya! Kin sani shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Sati uku kana tambayar mutanen da ba su taɓa ganinta ba."

Na yi shiru, abin da ya kamata in yi tun ranar. Yaya ta gyara mayafinta, ta kalli ɗan akwatin da fitilarsa ke ci a kan tebur.

"Cewa ta yi, 'Auta, ajiye abin nan ka zo ka zauna kusa da ni.'"