Ƙafar Shaton Gangara

"Baba Tsoho, kashe injin! Yanzu!"

Najiba ta diro daga babur da na'ura a hannu. Shaton Gangara, tankin ruwan nan mai ƙafa huɗu, ya kusa cika, mata sun fi talatin a gindinsa da jarkoki, ga shi ranar kasuwa.

Ita ce injiniyar da ta liƙa zaren gilashi, siriri kamar gashi, a jikin kowace ƙafa. Haske ke bi ta cikinsa ya dawo. In simintin ya miƙe ko da ƙanƙani, hasken sai ya canza, na'ura ta faɗa. Yau ƙafar arewa tana ta miƙewa.

Tsoho mai gadin shato ya yi dariya. "'Yata, rana ce. Ke kika ce zafi ma na miƙar da shi."

"Na faɗa. Shi ya sa na bar wancan." Ta nuna wani zaren da ke kwance cikin bututu, ba a liƙe ba. "Shi zafi kaɗai yake ji, kuma tun hantsi bai ƙara komi ba. Nauyi ne, Baba."

Dariyar ta ɗauke. Ya kashe injin da ke tura ruwa sama, ya kori mata gefe suna ta mita.

Amma ruwan na sama, dole a rage shi. Najiba ta hangi Jaye makiyayi tsugune can nesa da shanunsa. Ƙa'idar garin, dabba ba ta sha sai mata sun gama.

"Kawu Jaye, kawo su!"

"Layina bai zo ba, yarinya."

"Yau shanunka ne likitoci!"

Aka saki ruwan shato cikin duka kwamayen shan dabbobi. Jaye ya yi kira ɗaya, shanu tamanin suka taso. Suna sha, lambobin na'ura na sauka, Najiba na karantawa da ƙarfi har suka tsaya.

Tsoho ya kankare fentin ƙafar arewa da wuƙa. Ga tsaga nan, farce ma ba ya shiga.

"Ikon Allah! Shekarata tara ina jingina a nan, ban gani ba. Zare ya gani."

Sai wani babur ya ci birki. Baƙo ne, rawaninsa jiƙe da zufa, hannunsa riƙe da guntun zaren gilashi da aka datse.

"Wace ce Najiba? Daga Gidan Sori nake. An yanke zaren shatonmu, kuma an cika shaton tun safe."