Mai Barcin da Ke Amsa E

Tun da aka yi wa Desmond Pascoe aikin maƙogwaro, kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka ta zama bakinsa: ya rubuta, ita ta furta. Sai ga shi ta tsiro da wani hali. In ya rufe murfin ta yi barci lafiya, in ya buɗe sai ta sandare. Ga shi ranar Asabar zai yi jawabin uban amarya a bikin autarsa.

Narelle, babbar 'yarsa, sana'arta ke nan a Canberra, rubuta 'yan manhajojin da ke kula da na'urorin cikin kwamfuta. Da hantsi ta baje kaya a teburin kicin, har shayinta ya huce.

Ya rubuta a ɗan allonsa ya turo mata: "Ko mu kira masu iyawa?"

"Baba, bar ni in ji da abu ɗaya."

Can ta gano matsalar. A cikin kwamfuta, na'urar da ke da magana ƙararrawa take bugawa, sai a katse komai a saurare ta. Na'urar sauti da faifan da ake shafawa da yatsa ƙararrawa ɗaya gare su. Da an ɗaga murfi, yatsan Desmond ya gogi faifan, sai manhajar sauti ta ruga ta tambayi tata na'urar, wadda ko wuta ba ta koma mata ba. Na'ura marar wuta kuwa, kome aka karanto daga gare ta lambar ɗaya ce ke fitowa a jere, ɗaya kuma na nufin e. Ke kika kira? E. Da saƙo? E. Akwai wani? E. Haka manhajar, baiwar Allah, za ta yi ta yi wa mai barci hidima ba ranar gamawa.

Shekara da shekaru Narelle tana wannan aiki, amma har yau abin yana ba ta tsoro: duk wannan zirga-zirga tana faruwa kafin murfi ya gama buɗewa.

Ta koya wa manhajar cewa mai amsa e ga komai bai farka ba, a ƙyale shi. Ta rufe, ta buɗe, fuskar kwamfutar ta kawo haske.

Desmond ya jawo ta gabansa, ya rubuta da yatsa biyu.

"Allah ya ba ni 'ya wadda..." in ji muryar.

"Ajiye jawabin sai Asabar, Baba."

Ya girgiza kai, ya ƙara rubutu.

"Wannan ba na Asabar ba ne. Zauna."