Injin Albasa a Pisin Alhaji Mahamudu

A ƙofar mangazarsa ta ajiyar kaya da ke Birnin Konni Alhaji Mahamudu ya kama hannun Yakuba, wani manomin albasa daga Galmi, suka ƙulla magana a gaban shaidu. Yakuba zai ba shi ɗaya daga injinan ban-ruwansa, shi kuma ya bar masa mangazar ya jibge albasa har ta yi daraja.

"Ka tabbata yana ja?" in ji Alhaji.

"Haba Alhaji! Wanga inji gona guda yake shayarwa. Mi ne ɗan kududdufinka?"

Kalmar ta soke shi, amma ya haɗiye. Ba kududdufi ba ne, pisin ce, wato tafkin wanka na siminti, ya gina ta a bayan gida da likita ya ce ya riƙa tafiya cikin ruwa saboda gwiwoyinsa. Kuma ta yi masa amfani, har ya koma yin sujada babu kujera. Sai kuran, wato lantarki, ya zo da ƙarfi ya ƙone famfon da ke juya ruwan ta cikin matatar da ke tace shi. Ruwa ya tsaya, ya yi kore, sauro ya tare. Uwargidansa Hajiya Hafiza, wadda tun farko take ganin abin almubazzaranci ne, ta rantse in Juma'a ta zo ruwan bai washe ba, tarwaɗa za ta zuba a ciki ta yi kiwo.

Ɗansu Alkasum ya bugo daga Yamai. "Baba, ka yi haƙuri in nemo irin na da, mai ƙarfi daidai da matatar. Sai an aiko daga Kwatano."

"Kwatano! Uwarka na jiran Juma'a, kai kana kira mini Kwatano? Ni da na tsufa ina zaɓar injin tirela, kai za ka koya mini famfo? Inji ƙarfi ake nema gare shi!" Ya kashe wayar.

Ranar Alhamis da hantsi Yakuba ya iso da injin a kan amalanken jaki. Ya tsoma tiyo ɗaya cikin pisin, ya cusa ɗayan a bakin matatar, wani tulun roba cike da yashi, ya ɗaure da yankin robar taya kamar yadda yake yi a gona. Ya ja igiya. Inji ya tashi da ƙara, hayaƙin esansi ya cika tsakar gida.

Hajiya ta leƙo tana toshe hanci. "Alhaji, injin niƙa ka buɗe mana?"

"Koma ciki! Yakuba, ƙara mishi wuta!"

Yakuba bai san rabin wuta ba, a gona har ƙarshe ake buɗewa. Ya buɗe. Tulun ya kumbura, ya yi ƙugi, murfinsa ya yi sama ya faɗa gidan maƙwabta. Yashi da koren ruwa suka wanke Alhaji daga hula har takalmi, sauran yashin ya zube cikin pisin.

"Kashe shi! Kashe, don ubanka!"

Amma hannun manomi ya riga kunnensa. Yakuba ya ga ruwa na zuba a banza, ya cafke tiyon da gudu ya juya shi gindin zogalen Hajiya, daga nan ya wuce lemun tsami. Kafin Alhaji ya ja gwiwoyinsa ya kai ga injin, rabin ruwan ya tafi.

"Ka kashe ni! Ɗauki tsiyarka ka fita, babu kai babu mangaza!"

"A'a Alhaji, mi na yi? Ka tambaya ko yana ja. Bai ja ba? Gaban mutane muka tahwa, muka ƙulla magana."

Alhaji ya tuna shaidun. A kasuwar Konni mutumin da ya warware magana ya gama ciniki. Ya cire hular da ke ɗigar ruwa ya maka ta da ƙasa.

Yakuba ya samu mangaza, albasarsa ta kwana a inuwa har ta yi tsada. Hajiya Hafiza ta samu tafkin tarwaɗa, zogalenta ya yi ganye. Alhaji Mahamudu ya rasa matata, ya rasa pisin, ya koma salla a kan kujera, ga injin ban-ruwa a zaure ba shi da gonar da zai shayar.