Ramuwar Magani

Jakin ya sake tsayawa a cikin rairayi, Munkaila ya sauko yana jan amalanken da hannu. Lauratu kuwa ba ta ɗaga kai ba. Kan mijinta Labo, yayan Munkaila, yana bisa cinyarta, gumi mai sanyi yana bin goshinsa, ga Illela tana hango ta amma kamar garin matsawa yake yi.

"Malam, kana ji na?"

"Kunnena na ƙara," in ji shi. "Rana ta hwaɗi ne? Duhu nika gani."

Hantsi ne, rana fes.

Tun kafin a ga watan azumi zazzaɓi ya kama shi. Aka ba shi ƙwayoyin nibakin a gidan likita, aka ce safe da rana da maraice. Shi kuwa Labo mutum ne da ko ƙasa za ta tsage ba ya barin abin da aka ɗora masa. Da azumi ya kama, sai ya riƙa ajiye na rana a gwangwanin goro, don bai yarda ya sha ba, bai kuma yarda ya zubar ba. Yau da sahur ya juye su a tafin hannu ya kora da kunu. Da ta yi magana ya ce wanda salla ta kuɓuce wa ai ramawa yake yi, magani ma haka.

A bakin gidan likita Munkaila ya saɓa yayansa a kafaɗa ya shige da shi. Likita Badaru, wani siriri mai farar riga, ya riƙe wuyan hannun Labo yana sauraron Lauratu. Tana ambaton gwangwanin fuskarsa ta canza.

"Duka? Lokaci guda?"

"Duka."

"Inna, wanga magani in ya yi yawa zuciya yaka taɓawa. Abin da ya wuce ya wuce, ba a haɗa shi da na gaba."

Ya shiga ciki da sauri, ya fito da kofin silba cike da wani baƙin ruwa. Gawayin magani ne, ya ce, zai kama sauran da bai bi jini ba, amma sai an sha yanzu.

Labo ya ji kofin a leɓensa, ya kau da kai.

"Azumi nikai."

"Baba, marar lafiya an yafe mishi."

"Na sani. A bari a sha ruwa."

"Kahin magariba sai dai mu yi wata magana," in ji likitan, bai ko sassauta murya ba.

Munkaila ya roƙa, ya haɗa shi da girman iyayensu. Ya ce zai ruga ya ɗauko liman, likita ya ce babu lokaci. Labo ya datse haƙora. Lauratu ta san wannan muƙamuƙin. Tun tana amarya take fama da shi. Tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko a shekarar fari da suka yi sahur da dusa, kuma duk ƙauyen an san haka. Haushi da tsoro suka cakuɗe mata, har ta rasa wanda ya fi. Ta dubi faratansa, ta ga sun fara yin shuɗi.

Ta miƙa hannu. "Ba ni, likita."

Ya ɗauka ita za ta lallashe shi, ya ba ta. Sai ta kama hannun Labo ta ɗora a maƙogwaronta, don ta san idonsa ba ya gani sosai. Ta yi bisimilla, ta kai kofin bakinta ta yi kurɓa mai kyau. Yatsunsa suka ji wucewar ruwan.

"Lauratu! Mi kika yi?"

"Na karya nawa, kuma lahiyata lau. Ni ba ni da uzuri, kai ka ja mini." Ta matso da kofin kusa da shi. "In ba ka sha ba, ka tafi da alhakina a wuyanka."

Munkaila ya sunkuyar da kai.

Labo ya daɗe hannunsa na nan a wuyanta. Can ya ja dogon numfashi.

"Ke dai ba ki da hankali," ya ce a hankali. "Ɗaga min kai."

Ta tallafo ƙeyarsa, baƙin ruwa na gangarowa a haɓarta, ta kafa masa kofin.